NNS Karaduwa: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Da gaske a Najeriya aka ƙera wannan jirgin sintiri na sojan ruwan Najeriya?

Da gaske. A ma'aikatar ƙera jirage ta sojan ruwa da ke Victoria Island a Legas. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a Disambar 2016, rana ɗaya da NNS Unity. Unity daga China aka sayo shi, ku daina haɗa su.

Shi ne na farko da aka ƙera a gida?

A'a. NNS Andoni ne, mai tsawon mita 31, wanda Jonathan ya ƙaddamar a 2012. Karaduwa kusan mita 39 ne, ƙanensa Oji na 2021 kuma mita 43.

Karaduwan Katsina?

Shi, sunan kogin aka sa wa jirgin. Kogin da aka datse aka yi madatsar Zobe wajen Dutsin-Ma.

Amma ai injinsa na waje ne.

To sai me? Injin da radar da bindigogi sayo su ake yi, kuma ƙasashe da yawa haka suke yi. Amma yanka faranten ƙarfe, lanƙwasa su, walda su ɗaya bayan ɗaya har gangar jiki ta tsaya ba ta yoyo, wannan aikin yaranmu ne. Mai raina wannan bai taɓa riƙe sandar walda ba.

Zai iya kama 'yan fashin teku da ɓarayin mai?

Ya danganta da inda suke. Aikinsa sintiri kusa da gaɓa: ya tare jirgin da ake zargi, ya ɗora sojoji su hau su duba takardu da abin da ke cikin tankuna, ya raka jiragen kasuwa. A nan yana da amfani sosai. Can cikin teku, inda igiyar ruwa ke girma, manyan jirage irin Unity sun fi shi daɗewa a kan ruwa. A cikin rafukan Neja Delta kuwa, inda ake dafa ɗanyen mai a ɓoye, ruwan ba zurfi, ɓarayin kuma da ƙananan jirage masu injin baya suke gudu, sai dai a tura masu irinsu. Sannan ko jirgin na da kyau, in babu mai a tankinsa, ko kayan gyara sun makale, a bakin tasha zai kwana. An samu sauƙin fashi a Mashigin Gini tun wajen 2021, har aka cire Najeriya daga jerin wuraren da suka fi haɗari a 2022, amma kada a ɗora wa jirgi ɗaya yabon. Akwai jiragen sama, akwai shirin tsaron teku na Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, akwai maƙwabta.

Zai zo Zobe mu gan shi?

Ta wace hanya? Ku je Legas.