"Sitem sel": ɓargo daban, laka daban

Yanzu da wuya ka kunna rediyo a Bauchi ko Gombe ka kai azahar ba ka ji an ce "sitem sel" ba. Mai tallan garin magani a 'yar leda yana faɗa, mai shirin lafiya yana faɗa, takardar neman taimako da ke yawo a WhatsApp bayan haɗarin mota a hanyar Alkaleri ko Kaltungo ita ma da shi take rufewa: ana neman miliyan kaza a fita da wane waje, a yi masa dashen sitem sel ya taka da ƙafarsa. Kowa yana furta kalmar kamar sunan magani guda ne irin farasitamol, wanda akwai shi a Indiya amma bai iso nan ba.

Alhali sunan dangi ne, kuma asalin kalmar ma haka ya nuna. Daga Jamusanci ta fito, Stammzelle, wadda wani masani Bajamushe, Ernst Haeckel, ya yi amfani da ita a 1868. Stamm a harshensu gangar itace ce da rassa ke fitowa daga gare ta, kuma ita ce zuri'a. Da Hausa babu abin da ya fi kusa da ita kamar tsatso, yadda muke cewa wane daga tsatson Yakubun Bauchi yake. A 1909 wani masani ɗan Rasha, Alexander Maximow, ya ɗora sunan a kan uwar ƙwayar da yake ganin duk ƙwayoyin jini daga gare ta suke, sai a 1961 wasu masana biyu, Till da McCulloch, suka tabbatar da ita a jikin ɓeraye a Toronto ta Kanada. Sharuɗɗanta biyu ne: ta iya haifar irinta, ta kuma iya haifar wasu ƙwayoyin masu aiki na musamman. Saboda haka "ƙwayoyin tsatso" ya fi dacewa da ita nesa ba kusa ba a kan "ƙwayoyin halitta" da ake ta maimaitawa a rediyo, kalmar da aka mayar buhun zuba komai, har da gadon da ɗa ke ɗauka daga iyaye. Wanda ya ji tsatso zai tambaya, tsatson wa? Wannan tambayar ce masu talla ba sa so, domin a jikin baligi kowace uwar ƙwaya da gidanta. Ta jini jini take haifa, ta fata fata. Irin gero ba ya ba da masara ko da an kai shi gonar Jamus.

Na 'yar leda ba ya buƙatar dogon zance. Abin da aka tatso daga tuffa ko inabi, aka busar, aka sha, ciki zai narkar da shi kamar kunu.

Ruɗanin da ya fi ci wa mutum rai shi ne haɗa ɓargo da laka, har ka ji mai fassara yana cewa "ɓargon baya". Kowane mahauci a kasuwar Wunti ya san bambancin. Ya fasa ƙashin cinya, abin da ke ciki ɓargo ne. Ya tsaga gadon bayan rago, farar igiyar nan mai laushi da ke kwance a cikin ramin ƙashin ita ce laka. A mutum tsawonta wajen santimita 45 ne, kaurinta kamar ƙaramin yatsa. Bahaushe da ya ce wane ba shi da laka ya san inda ƙarfin jiki ke bi.

Dashen ɓargo gaskiya ne, kuma shi ne babban aikin ƙwayoyin tsatso da ya tabbata. E. Donnall Thomas ya samu kyautar Nobel a kansa a 1990, a Najeriya kuma an fara yi wa mai sikila a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Ana kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, a saka sabon ta jijiyar jini kamar ƙarin jini, ya nemi hanyarsa zuwa cikin ƙashi, cikin mako biyu zuwa huɗu ya fara aiki. Yana yiwuwa ne saboda jini dama abin sabuntawa ne, jar ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu a yi wata. Laka kuwa wayoyi ne da suka taso daga ƙwaƙwalwa, kowace da inda za ta. Idan ƙashi ya murƙushe ta, kumburi ya biyo baya ya ƙara kashe na gefe, wurin ya zama kogo mai ruwa, tabo ya kewaye shi. Kafin ƙafa ta motsa sai wayar da ta katse ta tsiro, ta ƙetare tabon, ta kuma sami abokiyar haɗinta ta ainihi a ƙasa. Zuba ƙwayoyi a kusa da wurin bai yi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

To me ake sayarwa a asibitocin wajen? Galibi ƙwayoyi ne da ake zuƙa daga ƙashin ƙugun majinyacin, ko kitsen cikinsa, ko igiyar cibiyar jarirai. Tsatsonsu na ƙashi ne da guringuntsi da kitse. Masu bincike na gaskiya ba sa cewa za su rikiɗe su zama laka, fatansu dai su rage kumburi su fitar da sinadaran da ke tallafa wa ragowar jijiyoyi. In ta hannu aka saka, yawancinsu a huhu suke maƙalewa. In ta baya ne, allurar tana shiga tsakanin gaɓa ta uku da ta huɗu ta ƙugu, inda laka ta riga ta ƙare a gaɓa ta ɗaya zuwa ta biyu, a bar su cikin ruwa su yi iyo. Wanda rauninsa a wuya yake, a lissafa nisan.

Bincike a kan raunin laka yana tafiya, amma a duba adadin mutanen da aka gwada. Kamfanin Geron a Amurka ya fara gwaji da ƙwayoyin tayi a 2010, ya dakatar a 2011 saboda kuɗi. Japan ta ba wani magani mai suna Stemirac izinin wucin gadi a 2018 bisa majinyata 13 kacal, babu rukunin da ba a yi wa ba balle a kwatanta, masana kuma sun yi ta suka. Asibitin Mayo na Amurka ya buga sakamako a 2024: mutum 10, bakwai sun matsa aƙalla mataki ɗaya a ma'aunin sauƙi. Jami'ar Keio a Tokyo ta dasa wa mutum huɗu ƙwayoyi wajen miliyan 2 kowanne, a tsakanin kwana 14 zuwa 28 da jin rauni, a 2025 ta ce biyu sun samu ci gaba, ɗaya har yana iya tsayawa. Huɗu, goma, sha uku. Waɗannan gwaje-gwajen farko ne, babban abin da suke nema su sani shi ne ko abin yana cutarwa. Ita kanta Indiya da ake tara kuɗi domin zuwa, ƙa'idojin hukumar binciken lafiyarta na 2017 sun ce in ban da dashen ɓargo a cututtukan da aka amince, sauran duk gwaji ne.

Matakin da ake magana na ma'aunin ASIA ne, wanda likitoci ke auna tsananin raunin laka da shi, daga A zuwa E. A shi ne babu ji babu motsi har zuwa dubura, E lafiya lau. Abin da bidiyon shaida ba ya faɗa: mutane da dama suna matsawa da kansu a wata shida na farko zuwa shekara, har cikin 'yan A wajen ɗaya cikin biyar yakan canza mataki ba tare da wata allura ba. Wanda ya tafi a wata na uku, aka yi masa gashi da motsa jiki kullum na mako biyar, ya dawo yana motsa babban yatsa, allura za a gode wa. Gashin da lokacin ba mai ambatonsu.

Illar kuma an rubuta ta. Wata mata da aka dasa wa naman cikin hanci a laka a Fotugal, bayan shekara takwas aka ciro mata ƙari a wurin yana fitar da abu mai yauƙi kamar majina. Rahoton ya fito a 2014. A 2016 likitocin Boston ta Amurka suka ba da labarin wani mai shanyewar ɓarin jiki da ya bi asibitoci a Sin da Ajantina da Meziko, ƙari ya tsiro a lakarsa daga ƙwayoyin da ba nasa ba, ƙafafunsa duka biyu suka shanye. Banda sanƙarau daga allura marar tsafta, da gudan jini a ƙafar da ba ta motsi cikin doguwar tafiyar jirgi.

Iyalin da aka turo wa takardar farashi su kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa da laka, a asibitin koyarwa na ATBU da ke Bauchi ko na tarayya da ke Gombe, tare da hoton MRI. A nemi asibitin wajen ya amsa a rubuce: wane irin ƙwaya, daga jikin wa, guda nawa, ta wace hanya, wace hukuma ta ba da izini a kan raunin laka takamaimai, wa zai auna ASIA kafin da bayan, wa zai biya in ƙari ko ciwo ya biyo baya. Lambar rajista a ClinicalTrials.gov, shafin intanet da ake jera gwaje-gwajen magani, ba izini ba ce, mai gwajin ne ke shigar da bayaninsa da kansa. Gwajin ƙwarai yana da sharuɗɗan da ke hana yawancin masu nema shiga, kuma ba a saba cajin majinyaci kuɗin abin da ake gwadawa ba. Wurin da ke karɓar mai raunin laka, mai ciwon suga da yaro mai galahanga da allura iri ɗaya, ya riga ya ba da amsa.

Abin da ke kashe mai raunin laka a gida sananne ne: gyambon kwanciya, ciwon mafitsara da ke hawa ƙoda, da ciwon huhu. A juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da dunduniya da ƙashin zama safe da yamma, in fata ta yi ja ko duhu ba ta washe ba a ɗauke nauyi daga wurin nan take. Fitsari a fitar da roba mai tsafta duk awa huɗu zuwa shida in likita ya koyar. Wanda rauninsa daga gaɓa ta shida ta ƙirji ne zuwa sama, in ciwon kai mai tsanani da gumi suka taso masa farat ɗaya, jininsa ne ya hau: a zaunar da shi tsaye, a sassauta tufafi, a fara duba robar fitsari ko ta toshe ko ta lanƙwashe.