Tyrannochthonius: kunamar ƙarya ta ƙarƙashin ganye

Tyrannochthonius jinsi ne na ƙananan halittu masu ƙafa takwas da ake kira kunamar ƙarya, dangin gizo-gizo da kaska. Joseph Conrad Chamberlin, masanin ƙwari ɗan Amurka, shi ya raɗa masa suna a 1929, jinsin kuma yana cikin iyalin Chthoniidae. An fi samunsa a kurmin ƙasashe masu zafi na Afirka, Asiya, Ostareliya da nahiyar Amurka, cikin ganyen da ya zuba yana ruɓewa, inda danshi ba ya yankewa.

Yawancinsu ba sa wuce milimita 1 zuwa 2. Suna da hannuwa biyu dogaye masu baki kamar awartaki, amma ba wutsiya, ba ƙari. Wasu kunamomin ƙarya suna da dafi a yatsun hannuwan. Iyalin Chthoniidae ba shi da dafin. Da ƙarfin damƙa da manyan muƙamuƙai yake kashe abin da ya kama, galibi 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu tsalle da ƙananan dangin kaska.

Abin da ya fi burgewa shi ne yadda yake farauta cikin duhu. Idanunsa, huɗu ko biyu, haske da duhu kawai suke rarrabewa, na cikin kogo ma sau da yawa ba su da ido sam. A kan yatsun akwai dogayen gasu sirara masu jin motsin iska komai ƙanƙantarsa. Yana tafe a hankali, hannuwa a miƙe, yatsu a buɗe, da zarar ƙwaro ya motsa kusa sai ya cafke. In kuwa shi aka taɓa, sai ya zabura da baya cikin sauri.

Namiji da mace ba sa haɗuwa. Namiji yakan dasa ɗigon maniyyi a kan siririn tsinke a ƙasa ya wuce, mace ta zo ta ɗauka. Tana riƙe ƙwayayenta cikin jaka a ƙarƙashin cikinta, tana ciyar da su da ruwan jikinta. 'Ya'yan kan bi matakai uku kafin su balaga, suna saɓa cikin ɗan ɗaki na zaren da suke fitarwa daga muƙamuƙi.

Masu bincike kan tankaɗe ganyen su zuba a mazurari ƙarƙashin ƙwan lantarki, zafi da bushewa su koro halittun zuwa kwalbar da ke ƙasa. Har yau ana gano sababbin nau'o'i, da yawansu a daji ɗaya ko kogo ɗaya kaɗai aka san su, don haka sare kurmi ɗaya na iya tafiya da nau'i sukutum.