Abin da ya faɗo a Roswell a 1947

Har yau wasu na rantsuwa cewa jirgin halittun wata duniya ne ya faɗo kusa da Roswell, a jihar New Mexico ta Amurka, a 1947. Sam ba haka ba ne. Abin da wani mai kula da wurin kiwo a yankin ya tsinta yagaggiyar roba ce, da takarda mai ƙyalli, da 'yan sanduna.

Sojoji ne suka jawo ruɗanin: suka ce sun samu faifai mai tashi, nan take suka janye, wai balan-balan ɗin auna yanayi ne. Sai a 1994 rundunar sojin sama ta bayyana cewa balan-balan ɗin na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, na sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Zancen gawarwakin baƙin halittu a Roswell kuwa bai yaɗu ba sai bayan 1978.