Me ake nufi da "rage saiz", kuma kilo nawa ke saukar da shi?

Maganar "rage saiz" ta kama bakin mutane a Bauchi, musamman mata. Masu tallar shayin rage ƙiba a WhatsApp da TikTok suna alƙawarin saiz biyu cikin sati biyu. Amarya kan sayi doguwar rigar da ta yi mata kaɗan da niyyar kafin biki za ta shige ta. Mai jego tana jiran ranar da za ta koma kayanta na kafin ciki. Kusan dukansu sun ɗauka saiz da kilo tafiyarsu ɗaya, da zarar sikeli ya sauka riga ma za ta saki. Akwai dangantaka tsakaninsu, amma kowanne abin da yake aunawa daban, kuma rashin sanin hakan ya karya wa mutane da yawa gwiwa alhali suna kan hanya mai kyau.

Saiz lamba ce ko harafi da kamfanin ɗinki ke maƙalawa a wuyan riga ko ƙugun wando don nuna irin jikin da aka yanka kayan dominsa. A kayan mata, awo uku ne ke bayan lambar: kewayen ƙirji, kewayen ƙugu da kewayen mazaunai. Babu kilo ko ɗaya a cikin lissafin. Don haka in an ce mace ta rage saiz, ana nufin waɗannan wurare sun ragu har ta iya shiga lambar da ke ƙasa da tata, misali daga 16 zuwa 14. A tsarin Ingila, inda lambobin ke tafiya 10, 12, 14, 16, tazarar da ke tsakanin saiz da mai bi masa kusan inci 2 ce, wato santimita 5. A wandon maza abin ya fi fitowa fili, domin 32, 34 da 36 incin ƙugu ne kai tsaye.

To kilo nawa ke cinye waɗannan inci 2? Ƙiyasin da aka fi yawo da shi shi ne kilo 4 zuwa 7. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma yana da tushe: a jikin mutane da yawa, duk kilo 1 da ya tafi yakan tafi da kusan santimita 1 na ƙugu, sai ka ga kilo 5 ya yi daidai da saiz guda. Daga nan kuma jiki da jiki suke rabuwa.

Gajeriyar mace za ta ga canji da wuri fiye da doguwa, saboda a jikin doguwa kilo 5 ɗin ya watsu ne a wuri mai yawa. Mai jiki sosai kuma tana buƙatar kilo fiye da mai matsakaicin jiki kafin lambarta ta motsa. Dubi bandir ɗin yadi a shagon ɗan kasuwa: in sabo ne, a warware yadi 5 ba za ka ga kaurinsa ya ragu ba, amma in ya kusa ƙarewa, yadi 5 ɗin nan sai ya ramar da shi a idon kowa. Ƙari a kan haka, kamfanoni da yawa suna faɗaɗa tazarar da ke tsakanin manyan saiz. Shi ya sa mai saka 22 za ta iya rage kilo 8 tana nan a 22, ƙanwarta mai saka 12 ta rage kilo 4 ta koma 10. Ta farkon ba ta gaza ba, ita ce ma ta fi yin aiki. Sannan kowane saiz fili ne mai baki biyu. Wadda 16 ke matse ta tana bakin sama, sai ta ratsa filin duka kafin ta kai 14, yayin da wadda 16 ke mata yawa kilo 2 ma ya ishe ta tsallakawa.

Ita kanta lambar ba abar dogaro ba ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin 'yan gwanjo a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ranar da aka fasa dila ya san haka. Riga uku masu faɗi ɗaya, kowacce da lambarta. Abin da Ingila ke kira 12, Amurka 8 take ce masa, Faransa 40, Italiya 44. Kayan da aka ɗinka don kasuwar Sin kuwa, XL ɗinsu sau da yawa bai wuce M ko L na Turai ba. Ko a ƙasa ɗaya kamfanoni ba su daidaita ba. Amurka ta taɓa gwadawa: tsakanin 1939 da 1940 aka auna mata kusan 15,000, aka fitar da ma'aunin bai-ɗaya a 1958, aka janye shi a 1983, kowane kamfani ya ci gaba da yanka nasa. Tun daga nan kayan suka riƙa ƙara faɗi lambar tana nan yadda take, domin 'yan kasuwa sun gane mai saye ta fi sakin kuɗi in ta ga ƙaramar lamba ta shige ta. Mace na iya "rage saiz" da rana ɗaya ta hanyar canza shago kawai, ko "ƙara saiz" ta shiga damuwa, jikinta bai canza da komai ba.

Akwai wani ruɗanin da ya fi shafar mu. Lambar abaya, 52, 54, 56, 58, 60, tsawon rigar ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. Haka jallabiyar maza. Wadda ke saka 56 za ta ci gaba da saka 56 ko ta rage kilo 15, tunda tsawonta bai ragu ba. Faɗin ne zai canza, shi kuma wani lokaci da harafi ake nuna shi a gefen lambar, wani lokaci ba a nuna shi sam.

Suturarmu ta gida kuwa ba ta da saiz, kuma wannan alheri ne da ke da nasa haɗarin. Zani ɗaura shi ake yi, hijabi ya rufe komai, babbar riga ba ta matse kowa, wando mai mazugi saki ake yi ko a ja. Mutum zai iya ƙara kilo 10 cikin shekara biyu babu tufar da ta yi masa ƙorafi. Maza masu wandon bel ma suna da tasu hanyar ruɗin kai: tumbi na girma, wando na gangarawa ƙasan cibiya, mutum yana cewa shi har yanzu 34 yake sakawa, alhali in an zagaya tef a tsakiyar cikinsa 40 za a samu.

Wanda ya fi kowa sanin gaskiyar jikinmu tela ne. A littafin awonsa, wanda kusurwoyinsa suka lanƙwashe don yawan buɗawa, akwai kafaɗa, ƙirji, ƙugu, damtse da tsawo, kowanne da incinsa, sau da yawa har da na Sallar bara. Za ka ji mai kawo ɗinki ta ce, "Malam, a yi min da tsohon awona kawai." Tela mai amana sai ya ce, "Hajiya, a daure a sake awo, atamfar nan mai tsada ce, in na yanka babu gyara." A shagon mata kuma mai ɗinkin ta zagaya tef ta duba littafi ta ce, "Anti, ai ƙugunki ya ragu da inci ɗaya da rabi." A ganina wannan magana ta fi lambar wuyan riga daraja nesa ba kusa ba, domin tef ɗaya ne, jiki ɗaya ne, wuri ɗaya aka auna.

Me ya sa wani lokaci sikeli ke sauka kaya ba su saki ba? Yawanci ruwa ne. Jiki na ajiye wani sukari mai suna gilaikojin a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗinsa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da mutum ya rage tuwo, shinkafa da burodi, wannan ajiya ake fara ci, ruwanta ya fita ta fitsari, sikeli ya nuna kilo 1 ko 2 sun tafi cikin satin farko. Kitsen bai taɓu sosai ba tukuna. Gishiri da dunƙulen miya, kwanakin al'ada, da rashin yin bayan gida su ma suna ɗaga sikeli ko su sauke shi daga safiya zuwa dare.

A nan ne masu shayin nan ke cin kasuwarsu. Da yawa daga irin waɗannan haɗe-haɗen suna ɗauke da ganyen filasko ko wani abin sa gudawa ko yawan fitsari. Ciki ya wanke, ruwa ya fita, tumbi ya lafa na kwana biyu, a ɗauki hoto a saka a sitatus. Da an ci an sha, komai ya dawo. Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu shan sa wata da watanni, domin yawan gudawa na zubar da gishirin jiki irin su fotasiyam wanda bugun zuciya ke dogara da shi, kuma ƙarancin ruwa na wahalar da ƙoda. Mai ciki, mai shayarwa da mai shan maganin hawan jini ko na sukari, kada su kusance shi sai da izinin likita. Bel ɗin matse ciki shi ma matsewa kawai yake yi. Zai shigar da ke rigar a ranar biki, in an cire shi ƙugu ya koma inda yake.

Akasin haka ma na faruwa, kuma shi ne labari mai daɗi: siket ya fara juyawa a ƙugu, sikeli ya ƙi motsi. Tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya ne, don haka kilo 1 na tsoka bai kai kilo 1 na kitse cin wuri ba. Wanda ya fara tattaki da sassafe ko ɗaga ƙarfe zai iya zubar da kitse ya ƙara tsoka kaɗan, nauyi ya tsaya cak, inci ya ragu. Mutane da yawa a daidai nan suke cewa motsa jikin ba ya aiki su daina, alhali aikin ne ya fara.

Game da lokaci, lissafin ba ɓoyayye ba ne. Kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700. In mutum ya rage kalori 500 a kullum daga abin da jikinsa ke ƙonawa, zai zubar da kusan rabin kilo a sati. Likitoci suna ba da shawarar rabin kilo zuwa kilo 1 a sati, ke nan saiz guda zai ɗauki wata ɗaya da rabi zuwa wata uku ga yawancin mutane. Kalori 500 ɗin ba sai an kwana da yunwa ba. Robar lemon kwalba mai santilita 50 tana da kusan 200, cokalin cin abinci na man gyaɗa ko manja kusan 120. Ba wanda zai ce Babaushe ya bar cin masa, amma masa 4 da miyar taushe mai ganye daban take da masa 8 da aka tsoma a mai aka barbaɗa sukari aka kora da lemo. Saiz biyu cikin sati biyu kuwa yana nufin kitse kilo 8 zuwa 14 cikin kwana 14, abin da ko mutum ya daina cin abinci gaba ɗaya ba zai samu ba.

Ba kuma mutum ke zaɓar inda kitse zai fara barinsa ba. Gado da jinsi ne ke tsara wannan. Maza sun fi tara shi a ciki, mata a cinya da mazaunai, kodayake bayan daina al'ada nasu ma yakan karkata zuwa ciki. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar wurin, ba ya narkar da kitsen da ke kanta shi kaɗai. Don haka wata za ta rage saiz a riga ba ta rage a siket ba, wata fuskarta da wuyanta ne za su fara nunawa.

In ana neman lambar da ta shafi lafiya, ta ƙugu ce. A zagaya tef a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a tsaye, bayan an saki numfashi, ba a tsuke ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna haɗarin ciwon sukari da na zuciya yana ƙaruwa in ƙugun mace ya wuce santimita 80, ya tsananta in ya wuce 88. Na namiji 94 da 102, wato kusan inci 37 da 40. Akwai hanya mafi sauƙi da hukumar NICE mai ba da shawarwarin lafiya a Birtaniya ta saka a shawarwarinta a 2022: ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 160, ƙugunta ya zauna ƙasa da 80. Ko zare ya isa wannan awo, a auna tsawo da shi, a ninka biyu, a gani ko zai zagaye ciki. Kuma ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa yana taimaka wa hawan jini da sukari ƙwarai. Mai kilo 100 da ta koma 93 ta sami wannan ribar ko da har yanzu tsohon saiz ɗinta take sakawa.

Akwai rage saiz ɗin da ba a yi wa barka. In kaya suka fara yi wa mutum yawa bai canza cin abinci ba, bai ƙara motsa jiki ba, har ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 6 zuwa shekara, wannan rama ce, kuma maganar asibiti ce. Ciwon sukari na zuwa da haka tare da ƙishirwa da yawan fitsari. Tarin fuka na zuwa da haka tare da tarin da ya wuce sati 2 da gumin dare. Ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya da sauri, cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon daji da matsananciyar damuwa duk suna ramar da mutum. Gwajin sukari ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, gwaji da maganin tarin fuka kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don shi. In mahaifiya ko miji ne ka ga zani na ƙara zagayawa ko ana huda sabon rami a bel, a raka shi a duba cikin satin, kada a jira.

Ga mai shirin ɗinkin Sallah ko na biki tana kan rage jiki, a yanka da awon yau, kada a yanka da awon da ake fatan kaiwa. Cin gefen riga aikin minti kaɗan ne a keke, amma in ta yi kaɗan, sakinta bai wuce ɗan yadin da tela ya bari a cikin ɗinki ba. A kai gyaran sati ɗaya kafin ranar, kafin layi ya cika a shagon.