Binciken Gani da Ido kan Adana Magunguna a Jihar Bauchi

Binciken gani da ido kan adana magunguna aiki ne da ake tura ƙwararru, galibi masana harhaɗa magunguna da jami'an lafiya, su je da ƙafarsu cikin sito da asibitoci domin tantance yadda ake karɓar magani, yadda ake ajiye shi, da yadda yake isa hannun majinyaci. Mai binciken ba ya dogara da rahoton da aka aiko masa ofis. Yakan ƙirga kwalaye da kansa, ya duba ranar ƙarewar wa'adi, ya buɗe firji ya karanta ma'aunin zafi. A Jihar Bauchi, mai ƙananan hukumomi 20 da gundumomi 323, aikin yana da muhimmanci na musamman saboda nisan da ke tsakanin babban birnin jiha da yankuna irin su Gamawa da Zaki, da kuma tsananin zafin bazara da ke iya lalata magani tun yana cikin kwalinsa.

Asali da tarihi

Tushen wannan aiki yana komawa ga shekarar 1977, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko, mai ɗauke da kimanin magunguna 200 da aka ga sun isa su biya mafi yawan buƙatun al'umma. A shekarar da ta biyo baya, taron duniya kan kiwon lafiya da aka yi a birnin Alma-Ata ya sanya samar da waɗannan magunguna cikin ginshiƙan kiwon lafiya a matakin farko. Da aka sami jeri tsayayye, sai ya yiwu a shiga kowane asibiti a tambaya ko maganin da ke cikin jerin yana kan kanta ko babu.

A Najeriya matsalar ta tsananta ne a farkon shekarun 1980, bayan faɗuwar farashin mai. Ƙarancin magani ya kai har sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, wadda Sani Abacha ya karanta, ta ambaci cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ba ƙananan asibitoci fifiko, aka yi dokar jerin muhimman magunguna a 1989, sannan aka fitar da manufar ƙasa kan magunguna a 1990, wadda aka sake wa fasali a 2005.

A cikin wannan zamani ne ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako a 1987. Tsarinsa shi ne a ba asibiti jarin magani, ya sayar da ɗan sauƙi, ya sake sayo wani da kuɗin, ta yadda jarin zai riƙa juyawa. Asusun Rarar Man Fetur, wato PTF, wanda aka kafa a 1994 kuma Muhammadu Buhari ya shugabanta, ya zuba magunguna masu yawa cikin irin wannan tsari kafin a rushe shi a 1999. A wurare da dama jarin ya narke sannu a hankali, ta hanyar bashi, da raunin lissafi, da magungunan da suka zauna har wa'adinsu ya wuce. Wannan tarihi ne ya sa har yau masu bincike suke fara tambayar littafin lissafi kafin su kalli ginin sito.

Hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa ta zo a 1992, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, kuma a 1993. Tun daga farkon shekarun 2000 aka fara samun takardun bincike na bai-ɗaya, ciki har da tsarin auna farashi da samuwar magani na 2003, da tsarin tantance sarrafa alluran rigakafi da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar wajen 2010.

Hanyar da magani yake bi

Magungunan asibitocin gwamnatin jiha suna bi ta hannun Hukumar Kula da Magunguna da Kayan Asibiti ta Jihar Bauchi. Alluran rigakafi kuwa suna da tasu hanya: daga babban ɗakin sanyi na Abuja zuwa na shiyyar Arewa maso Gabas da ke Bauchi, sannan na jiha, na ƙaramar hukuma, har zuwa asibitin gunduma. Magungunan zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki sun daɗe suna zuwa ta shirye-shiryen masu ba da tallafi, kowanne da takardunsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware kashi 20 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin magunguna, rigakafi da kayan aiki.

Yadda ake binciken

Ana zaɓar wasu asibitoci a matsayin samfuri, a haɗa na birni da na karkara, sannan a ware ƴan magunguna da za su wakilci sauran, kamar maganin zazzaɓin cizon sauro, amoksisilin na yara, gishirin haɗa ruwan gudawa da zinki, da allurar oksitosin ta masu haihuwa. Idan tawaga ta isa, takan gaisa da mai kula da asibitin, ta nemi a buɗe mata sito. Ana duba rufi ko yana yoyo, da silin, da tagogi, da alamun ɓeraye ko gara. Ana duba ko an ɗora kwalaye a kan katako ko an zube su a ƙasa, ko an jingina su da bango, ko akwai fetur ko maganin ƙwari a ɗaki ɗaya da su. Ƙa'idar fitar da kaya ita ce wanda wa'adinsa zai fara ƙarewa shi ne zai fara fita, ko da daga baya ya iso, don haka ana duba abin da aka jera a gaban kanta da wanda aka tura baya.

Katin sito

Babu takardar da ta kai katin sito muhimmanci a wannan aiki. Kowane magani yana da katinsa, inda ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da ragowar da ke hannu. Mai bincike yakan ƙirga kayan ya kwatanta da katin, kuma bambancin da ya samu shi ne ma'aunin ingancin lissafin wurin. Daga katin ne ake fitar da matsakaicin abin da ake sha a wata. Asibitin da ya ba da fakiti 300 cikin wata uku yana shan 100 a wata, idan kuma akwai 250 a kanta to yana da na wata biyu da rabi.

Akwai tarko a cikin wannan lissafi da ya kamata a fahimta. Idan magani ya yanke tsawon rabin wata, adadin da aka ba majinyata zai yi ƙasa alhali buƙatar ba ta ragu ba. In aka gina odar gaba a kan wannan ƙaramin adadi, za a kawo kaɗan, ya sake yankewa da wuri, a sake ganin kamar ba a buƙatarsa. Shi ya sa ƙwararren mai bincike yake ƙirga kwanakin da magani bai kasance ba, ya gyara lissafin da su. Damina ma tana karkata lissafi, domin zazzaɓin cizon sauro yakan yi tashin gwauron zabo a watannin Agusta da Satumba, lokacin da wasu hanyoyin karkara suke yankewa, kuma a lokacin ne ake rabon maganin rigakafin zazzaɓin na wata-wata ga yara ƴan wata 3 zuwa 59.

Zafi da sanyi

Mafi yawan ƙwayoyi an rubuta a jikin kwalinsu cewa kada zafin ma'ajinsu ya wuce digiri 25 ko 30, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin arewacin jihar, wajen Azare da Jama'are, yakan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi haka. Illar ba ta cika bayyana a ido ba. Maganin yana nan da kamanninsa, ƙarfinsa ne yake raguwa.

Alluran rigakafi a matakin asibiti ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, haka ma insulin na masu ciwon sukari da oksitosin, wadda ake yi wa mai haihuwa domin tsayar da zubar jini. Oksitosin da aka bari a aljihun tebur na ɗakin haihuwa tana cikin abubuwan da masu bincike suka fi sa wa ido, domin ran mace ne a kanta. Ana sa ran a rubuta zafin firji sau biyu a rana, safe da yamma, kuma takardar da aka cike da lamba ɗaya tsawon wata guda abar tuhuma ce. Tun 1996 aka fara manna wa kwalbar rigakafin shan inna wata alama mai murabba'i a cikin da'ira, wanda yake yin duhu da zafi. Idan ya kai launin da'irar, an daina amfani da kwalbar. Sanyin da ya wuce kima ma ɓarna ne, domin rigakafin ciwon hanta da na tetanus suna lalacewa idan suka daskare, kuma ana gane hakan ta girgiza kwalbar a kwatanta ta da wadda aka daskarar da gangan. Firji mai aiki da hasken rana ya maye gurbin na kananzir a wurare da yawa.

A maƙwabciyar jihar Gombe, asibitin masu saran maciji na Kaltungo ya nuna yadda batun yake da nauyi, domin maganin dafin kububuwa daga ƙasashen waje ake kawo shi, yana buƙatar sanyi, kuma buƙatarsa tana ƙaruwa a lokacin noma da girbi.

Kemis

Jama'a da yawa a kemis suke fara neman magani, amma bincike bai cika shiga shagunan ba sai na hukumomin da ke ba su lasisi.

Saɓanin ra'ayi

Ana saɓani kan ko a riƙa tura wa asibiti kaso daga sama, ko a bar shi ya nemi abin da yake buƙata. Na farko yana jawo tarin abin da ba a so, na biyu yana buƙatar ma'aikacin da ya iya lissafi. Ana kuma muhawara kan sayar da magani domin juya jari, wanda wasu suke ganin yana hana talaka zuwa asibiti, wasu kuma suke cewa rabon kyauta ba ya ɗorewa idan tallafi ya tsaya.