Ma'anar Barkwancin Tsaye, da Yadda George Lopez Ya Ci Abinci da Shi

Duk mai yawo a YouTube ko TikTok ya sha cin karo da irin wannan bidiyon: mutum ɗaya a kan dandamali, makirufo a hannu, wata doguwar kujera a gefe an ɗora mata gorar ruwa, jama'a zaune cikin duhu suna ta sheƙa dariya. Shi ne abin da Turawa ke kira stand-up comedy, wato barkwancin tsaye. Mutum zai fito shi kaɗai, da sunansa na gaskiya da kayan jikinsa na yau da kullum, ya yi ta zuba har lokacinsa ya cika. Ba abokin wasa, ba makaɗi, ba wanda zai ce a tsaya a sake ɗauka.

Nan ya sha bamban da abin da muka saba. Ɗan kama yakan shiga rigar malami ya yi wa'azin tuwo da miya, marigayi Ibro kuma yakan hau matsayin wani mutum a cikin fim tare da abokan wasa. Mai barkwancin tsaye kuwa kansa yake tallatawa. Gidansu, matarsa, talaucinsa da tsoronsa su ne hajarsa.

Da yawa suna ɗauka nan take maganar ke zuwa masa. Ba haka ba ne. Kusan kowace jimla rubutacciya ce, an gwada ta a gaban mutane sau ba adadi. Ginin barkwanci ɗaya kashi biyu ne: shimfiɗa, inda ake jan hankalin mai sauraro zuwa wata hanya, sai bugun ƙarshe, inda ake karkatar da shi ba zato. Idan kalmar da ke ɗauke da dariyar ta zo a tsakiyar jimla maimakon ƙarshenta, an yi asara. Idan mai magana bai ɗan dakata ya bar jama'a sun gama dariya ba, ya taka nasa da ƙafarsa. Shi ya sa sabon shiga kan yi shekaru yana zagaya ƙananan gidajen barkwanci a daren da ake buɗe makirufo ga kowa, a ba shi minti uku ko biyar, galibi ba ko sisi. A bayan ɗakin akwai wata fitila da ake kunna masa idan lokacinsa ya kusa ƙarewa, kuma wanda ya yi kunnen ƙashi da ita ba lalle a sake gayyatarsa ba. Ranar da ɗaki ya yi tsit babu mai ko murmushi, 'yan sana'ar kan ce mutum ya mutu a dandamali. Ga kuma masu katsalandan, waɗanda suka ɗan sha suka bugu suna jefo magana daga cikin taro, dole a iya rufe musu baki ba tare da an ɓata wa sauran rai ba.

A Amurka sana'ar ta yi ƙarfi ne da buɗe gidaje irin su The Improv a birnin New York a 1963 da The Comedy Store a Los Angeles a 1972. Daga can ne masu shirye-shiryen talabijin na dare ke zaɓo waɗanda za su fito da su.

Rayuwar George Lopez, mai barkwancin tsaye ɗan Amurka, ta isa misali. Shi Balatino ne, sunan da ake kiran mazauna Amurka masu asali daga Meziko, Kuba, Fotoriko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na mutanen ƙasar, amma an daɗe ba a ganinsu a talabijin sai a matsayin 'yan aikin gida ko 'yan daba. An haifi Lopez ranar 23 ga Afrilu, 1961, a unguwar Mission Hills ta Los Angeles, iyayensa 'yan asalin Meziko. Mahaifinsa ya gudu yana ɗan wata biyu, mahaifiyarsa ta bar shi yana shekara goma. Kakarsa ta wajen uwa, ma'aikaciyar masana'anta, ita da mijinta lebura mai aikin gini, su suka riƙe shi. Ta bakinsa, gida ne da ba a yabon yaro, ba a rarrashinsa, ba a yi masa bikin ranar haihuwa.

Wanda ya buɗe masa ido shi ne Freddie Prinze, saurayi ɗan New York wanda mahaifiyarsa 'yar Fotoriko ce. Prinze ya fito a shirin talabijin na dare na Johnny Carson a ƙarshen 1973, shekara ta zagayo ya zama tauraron wasan talabijin, sannan ya kashe kansa a Janairun 1977 yana da shekara 22. Yaron Mission Hills ya ga mai kama da shi yana ba Amurka dariya, sai ya ƙudurta. Ya fara hawa dandamali a 1979, shekarar da ya gama sakandare.

Daga nan sai da ya kwashe sama da shekara ashirin yana fafutuka kafin ƙofa ta buɗe. A shekarar 2000 jaruma Sandra Bullock, wadda ke neman yadda za a yi wasan talabijin na iyalin Latino, ta je ta kalle shi. Abin da ya ja hankalinta labaran kakar nan ne. Shirin da aka sa wa sunansa ya fara a tashar ABC a 2002, ya kai 2007, kashi 120. Ya fito a matsayin manaja a masana'antar kayan jirgin sama, uwarsa a shirin kuma, mace mai kaifin harshe da ba ta san tausayi ba, kakarsa ce aka sauya wa matsayi.

A ganina nan ne asirin sana'ar yake. Lopez ya yi shekaru yana barkwancin da kowa zai iya yi, bai je ko'ina ba. Sai da ya fara tono abin da ke ci masa rai tukuna. Yakan kwaikwayi muryar kakarsa, yana cakuɗa Ingilishi da Sifaniyanci, yana nuna yadda iyayen Turawa ke lallaɓa ɗansu idan ya faɗi, su kuwa nasu sai a daka wa yaro tsawa a tambaye shi kukan me yake yi. Wannan tambayar ce ma ta zama sunan littafin tarihin rayuwarsa na 2004. Idan ya faɗe ta a zauren da ya cika da 'yan asalin Meziko, dariyar da ke tashi ta waɗanda aka yi wa irin wannan tsawar ce. Ko ciwon ƙodarsa bai tsira ba. A 2005 matarsa ta lokacin, Ann Serrano, ta ba shi ƙodarta ɗaya, suka rabu a 2011, duk ya shiga cikin hajar. A 2022 shi da 'yarsa Mayan, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji, suka mai da saɓaninsu wasan talabijin a tashar NBC.

Ba kowa ke yaba masa ba. Akwai 'yan uwansa Latino da ke ganin yana tona asirin gida a gaban bare, yana ƙara wa masu raina su hujja. Masu kare shi kan ce ɗan gida ne ke da ikon zolayar gida. Ni dai ina ganin maganar ɓangarorin biyu tana da ƙamshin gaskiya, domin barkwanci ɗaya yakan sauya ma'ana gwargwadon wanda ke dariyar.

Tunda rayuwar mutum ce jarinsa, babu laifin da ya kai satar barkwanci muni a wajen 'yan sana'ar. Lopez ya fito fili ya zargi abokin sana'arsa Carlos Mencia, ɗan asalin Honduras, da kwashe masa kusan minti 13 na kayansa. Mencia ya musanta, amma bayan da wani mai barkwancin, Joe Rogan, ya tare shi da zargin sata a kan dandamalin The Comedy Store a 2007, bidiyon ya bazu a intanet, sunansa bai sake komawa yadda yake ba.

Ƙololuwar sana'ar a yau ita ce wasa na musamman, na kusan awa guda, wanda kamfanoni irin su HBO ko Netflix ke ɗauka su saya. Na bayan Lopez sun kai abin inda bai kai ba. Gabriel Iglesias, wanda ake wa laƙabi da Fluffy saboda ƙibarsa, ya bar aikin kamfanin wayar salula ya rungumi barkwanci a ƙarshen shekarun 1990. A watan Mayun 2022 ya cika filin wasan Dodger na Los Angeles maƙil, abin da wani mai barkwanci bai taɓa yi ba kafinsa.