Kayan Fatsar Kifin Bas: Koto, Zare da Sanda

Bas kifin ruwan daɗi ne daga jinsin Micropterus, asalinsa gabashin Arewacin Amurka, daga manyan tafkunan da ke kan iyakar Amurka da Kanada, ya bi kwarin kogin Misisipi har Filorida da arewa maso gabashin Meziko. Iri biyu suka fi suna. Akwai mai babban baki, wanda ke son ruwa mai ɗumi, kwantacce, mai ciyayi da kututture. Akwai mai ƙaramin baki, mazaunin ruwa mai sanyi da haske, mai duwatsu da tsakuwa a ƙasa. Ko kusa ba ya kai girman giwan ruwa, domin akasarin waɗanda ake kamawa ba sa wuce kilo 1 zuwa 2. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne yadda yake kai wa koton bogi cafka da kuma kokawar da yake yi idan ƙugiya ta kama shi, har ya riƙa tsalle sama yana girgiza kai. A Amurka fatsarsa ta zama wasa mai gasa da kyaututtuka, musamman tun 1968 da Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas mai suna B.A.S.S. a Montgomery ta jihar Alabama, sannan aka fara gasar Bassmaster Classic a 1971 a tafkin Mead.

Sabon shiga yakan fara da sayen sanda. Gwanaye kuwa daga ruwa suke farawa: inda kifin yake fakewa shi ke nuna koton da za a jefa, koton ya nuna zaren da zai ɗauke shi, zaren kuma ya nuna sandar. Da wannan tsarin aka jera bayanin da ke biye.

Halin kifin

Bas ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan laɓe a gindin bado, ko ƙarƙashin bishiyar da ta faɗa ruwa, ko bayan dutse, ya jira ƙananan kifaye da kwaɗi da jatan lande na ruwan daɗi su gitta. Ba cizo yake yi ba, buɗe baki yake yi farat ɗaya ya zuƙe abin tare da ruwa, in ya ji ba abinci ba ne ya furzar nan take. Ban da ido, yana da layin jijiyoyi a kowane gefen jikinsa da ke jiyo masa motsin ruwa, shi ya sa yake samun koto ko a ruwa mai laka ko da dare. Idan sanyi ya wuce, zafin ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 20, sai ya gangaro gefe ya yi ƙwai, namijin ya tsaya gadin sheƙar. A tsakiyar zafi da tsakiyar sanyi mafi yawansu sukan koma zurfi.

Koton bogi

Tanar roba ita ce uwa. Nick Creme ne ya fara zuba ta da roba mai laushi a 1949 a Akron ta jihar Ohayo, daga baya kamfaninsa ya koma Tyler a Tekzas, inda masu fatsa a sababbin madatsun ruwa masu cike da itatuwan da ruwa ya shanye suka rungume ta. A can aka san ta da wani ɗauri da har yau ake kira ɗaurin Tekzas. Ana zura ɗan nauyi mai siffar harsashi a zare, a ɗaura ƙugiya, a soka tsininta a kan tanar kamar rabin santimita, a fito da shi ta gefe, a tura tanar har wuyan ƙugiyar, a juya, sannan a mayar da tsinin ya ɓuya cikin jikin robar. Da haka tanar za ta ratsa rassa da ciyawa ba ta maƙale ba, tsinin ba zai fito ba sai an fizga. Ana jan ta a hankali a ƙasan ruwa, a ɗaga, a bar ta ta faɗi. Sau da yawa a faɗuwar nan kifin ke ɗauka, abin da mai fatsa zai gani kawai shi ne zare ya ɗan zabura ko ya fara tafiya gefe.

Jig ɗan'uwanta ne a aiki: kan dalma, ƙugiya ɗaya mai kauri, gezar roba, da ɗan buroshi mai kare tsini. Kamar jatan lande yake a idon kifi, kuma an san shi da jawo manya.

Sai 'yan kifayen katako ko na roba mai tauri. James Heddon na Dowagiac a jihar Michigan yana cikin waɗanda suka fara sassaƙa su a ƙarshen ƙarni na 19. A Finlan kuma, a 1936, wani masunci mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa nasa da ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya lulluɓe da takarda mai ƙyalli, ya narka tsohon fim na hoto ya shafe, yana neman ya kwaikwayi tangaɗin kifin da ya ji rauni. Irin waɗannan suna da leɓe a gaba. Gajeren leɓe yana riƙe koton kusa da sama, dogo yana nutsar da shi mita 5 ko 6. Amfaninsu yana fitowa ne idan suna bugun dutse ko kututture suna kaucewa, domin kaucewar nan ce ke tunzura kifin.

Akwai mai farfela, wato waya lanƙwasasshiya da cokulan ƙarfe masu juyawa a sama, ƙugiya da geza a ƙasa. Ranar iska da ruwa mai duhu ya fi ci. Cokali mai faɗi ya fi girgiza ruwa, siriri mai kamar ganye ya fi walƙiya.

Na saman ruwa su ne masu sa gaba faɗuwa. Kwaɗon roba mai rami a ciki, ƙugiyoyinsa biyu a manne da bayansa, yana bi ta kan bado da kainuwa inda babu koton da zai wuce. Kifin zai fasa ciyawar da ƙara, ruwa ya watsu, hannu ya so fizga nan take. Wanda ya fizga a lokacin, kwaɗon ne zai dawo masa fayau. Sai an ɗan dakata, an ji nauyin kifin a sanda, sannan a ɗaga da ƙarfi. Da asuba da gab da magariba aka fi jefa su.

Batun launi ana yawan zuzuta shi fiye da kima. Ruwa mai haske yana son kore-kore da ruwan ƙasa da abin da ya yi kama da ƙananan kifayen wurin. Ruwa mai laka yana son baƙi da shuɗi, ko rawaya mai kashe ido. Zurfi da saurin ja sun fi launi tasiri nesa ba kusa ba.

Zare

Nan ne aka fi yin sakaci, alhali shi kaɗai ya haɗa mutum da kifin. Ana rubuta ƙarfinsa da laba, wato nauyin da zai ɗauka kafin ya tsinke.

Nailan shi ne tsohon hannu. Kamfanin DuPont ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, ya kuma karɓu wajen masu fatsa a ƙarshen shekarun 1950 da fitowar samfurin Stren. Yana da araha, yana da sauƙin ɗauri, yana miƙewa, ba ya saurin nutsewa, don haka ya dace da koton saman ruwa. Rana tana cin sa, dole a riƙa sauya shi.

Fulorokabon daga Japan ya fito, kamfanin Kureha ya fara sayar da shi a 1971 da sunan Seaguar. Yadda yake karkatar da haske ya fi na nailan kusa da na ruwa, saboda haka ba ya fita sosai a idon kifi. Yana nutsewa, yana jure gogar dutse. Laba 12 zuwa 17 ake sa wa tana da jig, laba 6 zuwa 8 ga ƙananan koto a ruwa garai-garai. Aibinsa taurin kai: yana warwarowa daga kwarkwaro, wato abin naɗe zare da ke jikin sanda, kuma idan aka ja ƙulli a bushe zafin gogayya yana raunana shi. Shi ya sa ake jiƙa ƙullin da miyau kafin a tsuke.

Kitsattsen zare, wanda ake kitsawa da siraran zaruruwan Spectra ko Dyneema, ya bazu a farkon shekarun 1990. Kusan ba ya miƙewa ko kaɗan, kuma mai laba 30 kaurinsa bai wuce na nailan mai laba 8 ba. Yana yanka ciyawa, shi ya sa ake jefa kwaɗo da mai laba 50 zuwa 65. Ba don kifin ya kai wannan nauyin ba, sai don a fizgo shi tare da damin ciyawar da ya shige. Kifi yana ganinsa a ruwa mai haske, kaifin dutse kuma yana yanke shi, don haka da yawa sukan ɗaura masa mita 1 ko 2 na fulorokabon a gaba.

Ko wane iri ne, bayan kowane kifi ko kowace maƙalewa ana bin mitar ƙarshe da yatsu. In an ji kaushi, a yanke a sake ɗauri.

Sanda da kwarkwaro

Abu biyu ake dubawa a sanda, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko ƙarfi, wato nauyin da ake bukata kafin ta lanƙwasa. Na biyu wurin lanƙwasar: wata tsininta kaɗai ke rusunawa, wata har tsakiya. Koto mai ƙugiya ɗaya mai kauri, kamar jig da tana da kwaɗo, yana son sanda mai ƙarfi mai lanƙwasa a tsini, domin a huda baki mai tauri da fizga ɗaya. Ɗan kifin katako mai ƙugiyoyi masu baki uku-uku yana son mai laushi, in ba haka ba ƙananan ƙugiyoyin za su yage baki su fita. Saboda wannan ne sandar faiba ba ta mutu ba, duk da cewa ta girafait, wadda kamfanin Fenwick ya fito da ita a 1973, ta fi ta rashin nauyi da isar da motsi zuwa tafin hannu.

Tsawo yakan kama daga ƙafa 6 da rabi zuwa 7 da rabi, wato wajen mita 2 zuwa 2.3. Doguwar sanda ta samu shiga ne ta hannun Dee Thomas na Kalifoniya, wanda ya ci gasa a tafkin Bull Shoals a 1975 da salon lilo da jig a saka shi shiru cikin ɗan ramin ciyawa daga kusa.

Kwarkwaro iri biyu ne. Mai rataye a ƙasan sanda, irin Mitchell 300 na Faransa da ya fito a 1948, kansa ba ya juyawa lokacin jifa, zaren ne ke zubowa. Ya fi sauƙin koyo, ya fi dacewa da siririn zare da koto mara nauyi. Mai zama a saman sanda, wanda masu gyaran agogo na jihar Kentaki suka fara ƙerawa a farkon ƙarni na 19, kansa na juyawa ne, babban yatsa ke yi masa birki. Ya fi iko da zare mai kauri, amma idan kan ya fi zaren gudu sai ya cukurkuɗe, a zauna tsifa. Lambar da ke jikinsa, kamar 7.1:1, tana nufin juyi ɗaya na hannu yana juya kan sau 7.1. Mai 5 da ɗoriya ya dace da koto mai zurfin nutso, mai 7 zuwa 8 ya dace da inda ake son tattaro zare da sauri.

Wanda zai sayi ɗaya tak, sandar ƙafa 7 mai matsakaicin ƙarfi zuwa sama, da zare mai laba 12 zuwa 15, za ta ɗauki tana da jig da mai farfela ba tare da matsala ba.

Manyan kamu da dokoki

Hukumar IGFA mai ajiye tarihin kamun kifi ta rubuta mutum biyu a matsayi ɗaya kan mai babban baki. George Perry ya kama mai laba 22 da oza 4, kimanin kilo 10, a tafkin Montgomery na jihar Jojiya ranar 2 ga Yunin 1932, da ɗan kifin katako na kamfanin Creek Chub. Manabu Kurita ya kamo kwatankwacinsa a tafkin Biwa na Japan ranar 2 ga Yulin 2009, shi kuma da kifi mai rai ya yi koto.

Doka ma tana shiga zaɓin kaya. Jihar New Hampshire ta haramta ƙananan nauyin dalma saboda tsuntsayen ruwa na haɗiye su su mutu, abin da ya ƙara wa na ƙarfen tungustin kasuwa, wanda ya fi dalma nauyi a ƙaramin jiki. A Amurka, tun 1972 gasannin B.A.S.S. suka koma sakin kifi da rai bayan awo. A wuraren da aka kai kifin daga waje labarin ya sha bamban. An shigar da shi Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, tafkin Naivasha na Kenya a 1929, kuma a wurare da dama ya cinye ƙananan kifayen asali. Japan ta sa shi cikin baƙin halittu masu ɓarna a dokar da ta fara aiki a 2005. A tafkin Biwa, tun 2003 lardin Shiga ya hana mayar da shi ruwa, aka kuma ajiye akwatuna a bakin tafkin don masu fatsa su zuba abin da suka kama.